Saman Shagon Mai Firji

Shekara ashirin da biyu ina sauke kaya a tashar jirgin ruwan Jidda,
shinkafar Indiya, sukari, siminti,
ban taɓa tambayar buhu nauyinsa ba.
Wata Talata na sunkuya zan ɗauki cokali,
bayana ya ce: Iliyasu, ni nan na tsaya.

Wata bakwai ina salla a kan kujerar roba,
can gefen sahu, cikin tsofaffin da suka yi jika da ni.
Liman ya yi kabbara, jama'a su zube,
ni kuwa in duƙar da kai kamar mai neman riyal a cinyarsa.
Goshina ya manta sanyin ƙasa.

Likita ɗan Sudan ya rubuta kalma ɗaya tak.
Na nemi sunan ƙwaya a takardar ban gani ba.
Filatis, in ji shi, sau uku a mako.

Bayan lisha na kai maganar teburin shayin Gwadabe.
Ya ce: Filatis? Ni filet na sani,
na kabsa, da cinyar kaza a bisa.
Talle ya lalubo abin a waya, ya juyo mana da ita,
ga mata kwance, ƙafafu a sama.
Sai mun yi maka karo-karon abaya, in ji shi,
namiji ƙarfe yake ɗagawa,
in babu ƙarfe, ga buhu.
Na taya su dariya.
Dariyar ma a kwankwaso ta soke ni.

Na tafi dai, a sace, kamar mai zuwa cin bashi.
Hawa na biyu, saman shagon mai gyaran firji a Karantina.
Malamin yaro ne, Uwaisu, jikan Takari,
Hausarsa ta jiƙe da Larabci sharkaf:
Shaƙa, ya ammi. Shuwayya, shuwayya.
Ja cibiya ciki, kamar wando ya matse ka.

Mu biyar ne a ɗakin:
mahauci ɗan Fakistan, wani direban tirela,
wani mai tura keken alhazai da ke zuwa tun daga Makka,
da dattijon da bai taɓa faɗin sunansa ba.
Kowa ya tsura wa fanka ido.

Ɗaga ƙafa ɗaya, in ji yaron, taƙi guda kawai. Riƙe.
Ni da nake saɓa buhu biyu in hau tsani,
ƙafata ta gagare ni.
Jiki ya hau rawa kamar mazari,
gumi ya cika min kunne,
na ƙirga goma da Hausa, na sake da Larabci,
yaron bai ce sauke ba.
A nan kwance na tuna Inna tana daka da goyo,
ta tashi da tulu a ka ba ta dafa komai ba.
Ashe nan take ajiye ƙarfin,
ƙasan cibiya, inda ni ban taɓa leƙawa ba.

Mako goma sha ɗaya.
Wata asuba na tura kujerar jikin bango,
na bi jama'a ƙasa a hankali, gwiwa, tafi, goshi.
Kafet ɗin na warin ƙafa da turaren wuta.
Liman ya ɗago, sahu ya ɗago,
ni ban gama ba.

Jiya ina saukowa na ci karo da Gwadabe a matakala,
hannu ɗaya a ƙugu, yana hawa da ƙyar,
da wani abu naɗe cikin ledar burodi.
Ya ce firjinsa ne ya daina sanyi.
Na ce mai firji ai yana ƙasa.
Ya ce ya sani.
Na matsa jikin bango, na ba shi hanya.