Ƙasar da Ke Tsoron Ruwa

Shekara talatin ina ɗora tubali a Damagaram,
bango bai taɓa ba ni kunya ba
sai ɗakin Hajiya Habsu, can bayan Karkada.
Na haƙa tushe har ƙugu.
Ƙasa fara fat, tauri kamar ƙashi,
diga na tsalle a kanta.
Na ce, Hajiya, wannan sai jikan jikanki ya gada.

Ruwa biyu aka yi a Agusta.
Kafin na uku,
tsaga ta taso daga daɓe har taga,
ƙofa ta ƙi shiga gidanta,
ƙasa ta durƙusa kamar raƙumin da kaya ya fi ƙarfinsa.

Mu da ke sayen ruwa a bido,
mu da ke kwana a layin famfo,
ashe ƙasarmu ma ba ta saba da shi ba.

Barira, ɗiyar ƙanena, ta zo daga jami'a,
ta murza ƙasar a tafinta.
"Baba Ma'azu, farin nan da ka amince wa
jibsi ne, ɗan'uwan gishiri.
Da rani shi ke riƙe da yashi,
ruwa na taɓa shi ya narke, ya bar kogo."

Ta fiddo ƴar kwalba.
Garin yumɓu, in ji ta,
wanda kwalli tsakuwa ne a gabansa,
ƙwayarsa ido bai taɓa gani ba.
Shi ke kutsawa inda ruwa zai bi,
ya riga shi zama.
Uku cikin ɗari.

Na yi dariya har da tari,
ni da ke lissafi da tifa da buhun siminti.

Gwangwanin tumatir biyu ta cika ta danƙare,
ɗaya da garin, ɗaya babu.
Bayan mako ta aza musu dutse,
ta karɓi butata ta tsiyaya.
Na farko ya nutse yatsa biyu.
Na biyu ya ɗan nisa
ya tsaya.

Ta ce da saura, Baba,
gwangwani ba gida ba ne,
kuma garin da tsada.

Na sani.
Amma yana nan gindin randata,
kullum in na gama alwala
nakan zuba masa ragowar.
Yau kwana arba'in, bai sunkuya ba.

Hajiya Habsu kuwa
har yanzu da turmi take tokare ƙofa,
in na gaishe ta, bangon take kallo.