Mai Allon Shiru

Shekara ashirin da biyu ina dillancin mota
a kasuwar gwanjon Jidda,
muryata ce jarina.
Uwani takan ce ko a barci ciniki nake,
ina yi wa matashin kai albarka.
Ni ɗin ne aka miƙa wa allo mai mariƙi kamar muciya,
da kalma ɗaya a jikinsa, Larabci sama, boko ƙasa:
shiru.

Ba ko riyal. Hula, riga ruwan toka,
shinkafa da cinyar kaza a kwali,
sai kwana huɗu a rana can wajen Rabig,
inda aka shimfiɗa ciyawa har bakin Maliya
don manyan 'yan golf na duniya.
Mish'al, mai raba mana aiki, sa'an ɗana na biyu,
ya ce, Ammu Tanimu, rami na sha shida naka ne.
Riƙe igiya, buɗe hanya, rufe hanya.
Ƙwallo in ta faɗo gabanka, kafa mata tuta,
kada ka taɓa ta ko da ta gaishe ka.

Ranar farko dariya na yi ta ƙunshewa.
Ƙato guda, ya keto hazo daga wata uwa duniya,
ya durƙusa yana karanta ciyawa kamar mai bugun ƙasa,
wani na biye da shi da kwari cike da sanduna,
duk a kan abin da bai kai ƙwan zabuwa ba.

Ranar ƙarshe, la'asar sakaliya,
wani siririn yaro ɗan Koriya ya tsaya
taku shida daga ramin.
Babikir, abokin igiyata, Basudane mai shagon magani,
ya raɗa mini: bugun nan ya fi duk motocin da ka taɓa sayarwa.
Na ɗaga allo.

Baki dubu biyu suka rufe
kamar an yi ruwa an ɗauke.
Ni, Tanimu, na yi wannan, da hannu ɗaya.

Sai na ji tuta tana marin iska.
Na ji teku na lasar duwatsu,
teku da nake wucewa kullum gilashi a rufe, waya a kunne.
Na ji agogon wani.
Can ƙasa da duk wannan na ji Baba,
wanda ya tako daga Gumel zuwa Sawakin shekara bakwai,
yana noma gonar wasu don kuɗin gaba,
bai taɓa ba mu labarin hanyar ba.
Yakan zauna ƙofar gida a Karantina bayan isha,
hannu bisa gwiwa, ido a kudu maso yamma,
ni kuwa ina cika masa kunne da farashin taya.
Ashe magana yake yi.

Nan tari ya zo mini.
Ƙaiƙayi ɗan mitsitsi, kamar ƙaya a maƙoshi,
ya ce ko ni ko kai.
Na haɗiye, ya dawo. Na cije.
Allo a sama, hannu na rawa, ido ya kawo ruwa,
yaron nan kuwa sai gyara tsayuwa yake
kamar an ba shi aron lahira.

Ya taɓa ta.
Ta gangara, ta yi shawara a leɓen rami,
ta zagaya,
ta faɗa.

Cikin ihun mutane na yi tarina son raina.
Wata tsohuwar Baturiya ta ga hawaye, ta miƙo hankici,
ta dafa ƙirji, wai ita ma abin ya taɓa ta.
Ban gyara mata ba.

Allon sun karɓe, hular sun bar mini.
Da dare Uwani ta ajiye tuwo, ta ce, to, ba mu labari.
Na wanke hannu. Na ci. Na sha ruwa.
Na zauna ina jin firji na numfashi.

Ta taso a hankali
ta ɗora bayan hannunta a goshina.