Mai Duban Sandar Awo

Wata tara Gash rairayi ne kawai,
yara na buga tamaula a cikinsa,
jakin Ɗan Baushe na ƙetarewa da albasa
ko kofatonsa ba ya jiƙewa.
Baƙo ya tambaye ni, "Ina kogin?"
Na ce, kana tsaye a kan gadonsa,
shi yana bayan duwatsu yana barci.

Ni ke duba sandar awo a gindin gada.
Shekara ashirin da shida ina karanta ruwa
kamar yadda na karanta allo da ƙuruciya:
baƙin zane, a kwana lafiya,
jan zane, a tashi mutane.
Albashina ba ya cika buhun dawa,
amma Kassala a kan idona take runtsawa.

Shekarar da ya ci unguwarmu
taurari na nan, ko ɗigo bai sauka ba.
Hadarin can ya zuba a tuddan gabas,
mu aka kawo wa saƙon da tsakar dare,
ja kamar shayin da aka manta a wuta,
ɗauke da kututture, da awaki, da ƙyauren wani.
Kaltuma ta fito da jaririnta a ka cikin daro.
Keken ɗinkinta, adashin shekara uku,
ya bi ruwa ko sallama babu.

Kwana huɗu sai ga motoci:
tanti, bargo, man girki, masu ɗaukar hoto.
Mun gode, Allah Ya saka.
Amma na samu fensir da bayan kwalin sukari,
na lissafa: kuɗin tanti goma
da ya sayi dutsen toshe tsagar nan
da na kai ƙararta sau uku tun bazara.
An ce ba a fafa gora ranar tafiya,
mu kuwa sai a bakin hanya muke neman wuƙa.

Da rani muka taru a inuwar dalbejiya.
Injiniya Siddiƙ ya baje taswira,
ga makaranta, ga kasuwa, ga asibiti.
Kaltuma ta ce, "A ina?"
Ya ɗora yatsa.
Ta ce, "A nan ruwa ya kawo min wuya.
Ginin da za a maimaita bayan damina biyu
ci gaban mai haƙar rijiya ne."
Wani dattijo ya ce, "Ƙaddara ce, wa ya isa?"
Liman bai ɗaga murya ba:
"Ɗaure raƙuminka, sannan ka yi tawakkali."

Aka ja makaranta zuwa tudu.
Aka ware wa gaɓa kaso a kasafi,
layi mai lamba, ba sadaka ba.
Duk Asabar gida ya ba da mutum guda,
a yashe magudana,
a jera dutse a ragar waya,
a dasa itace mai dogon saiwa.
Aka bai wa Ohaj makiyayi waya,
shi da ke ganin ruwa tun yana yaro
kafin ya iso mana da gemu.

Bana ya zo, daren Talata.
Ohaj ya kira, na kira ladan,
lasifika ta faɗi abin da ba kiran salla ba.
Kowa ya san hanyarsa, har makaho Jibrin.
Ruwa ya lashi jan zane,
ya shinshina dutsen, ya yi gurnani,
ya wuce gonakin arewa inda ake marmarinsa.

Da safe babu mota, babu mai hoto.
Bala'in da bai faru ba
ba shi da fuskar da za a sa a jarida.
Na goge laka daga sandata,
na ji ƙarar sabon keken Kaltuma
tana ɗinka wa yara rigunan makaranta.