Awon Gwiwa

Shekara ashirin ina ɗinkin kujeru a Panteka,
idona ya san soso, hannuna ya san awo.
Ran da na hau jirgin Legas daga Kaduna
sai aka bi da mu ta falon gaba,
kamar a ratsa da mai azumi ta gaban mai tsire.

Na saci awo da ɗani ina wucewa:
huɗu da rabi tsakanin kujera da kujera,
fata ce ta gaske, ba leda ba.
Ga Alhaji Barau ya miƙe ƙafa,
wanda cikon kuɗin kushin ɗina
ya shekara biyu a aljihunsa.
Ya rufe ido. Na san irin barcin.

Tawa, lamba talatin da ɗaya,
ɗani ɗaya da yatsu uku.
Shekarar da na raka Inna asibiti,
a wannan layin har jaka na aje gaban ƙafata.
Ni dai na san katako ba ya ƙaruwa,
in gefe ya yi faɗi, an datsi wani gefen.

Aka ja labule.
Ƙamshin farfesu ya ƙi bin doka, ya ratso.
Mu, biskit da rabin kofin ruwa.

Can ƙasa kogin Kaduna ya koma zare,
Rigasa kamar ɓarin gero a tabarma,
ba a gane rufin kowa.

Gwiwata na dukan bayan wata baiwar Allah,
na ce ta yi haƙuri.
Ta ce, "Malam, ni ma na gaba nake duka."