Ɗakin Sallau

Ɗakin da ke saman gidanmu a Jidda
ya girme ni da shekara huɗu.
Baba ya ɗora shi cikin dare tara,
da ragowar bulon wani attajiri
da katakon akwatunan da ake zubarwa a tashar jirgin ruwa.
Bai nemi izinin kowa ba.
Wa zai tambaya a can sama? Tantabaru?

Yanzu gishirin teku ya cinye rodin,
rufin yana zubo gari a kan shimfiɗa
kamar ana tankaɗe.
Na ce bari in gyara,
Rakiba ta sami wurin karatu nesa da ƙannenta.

Magini ya hau, ya ƙwanƙwasa bango da gindin cokali.
Ya ce fenti nawa ne, tayil nawa ne,
amma in na taɓa abin da ke riƙe da rufi
na taɓa hukuma.

Ranar Talata ga ma'aikacin baladiyya,
yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba.
Ya auna matakala, ya ce ta miƙe da yawa.
Ya auna taga, ya ce in wuta ta tashi
hayaƙi ba zai sami hanya ba,
balle mutum.
Na ce ɗakin nan ya riga dokarku zuwa duniya.
Ya naɗe awonsa, ya ce:
"Tsoho yana barci, ba ma tashinsa.
Kai ka tashe shi,
to sai ya amsa tambayar yau."

Na wuni ina huci.
Shekara talatin Inna tana hawa matakalar nan
da farantin abinci a ka,
ba ta taɓa zamewa ba.

Sai bayan isha na tuna ta zame.
Sau ɗaya.
Ƙugunta bai ƙara komawa daidai ba,
muka kira shi ƙaddara, muka saya mata sanda.

Da muka kankare tsohon shafe
sai ga lissafin Baba a jikin bulo, da allin ɗinki:
kamu bakwai, kamu biyar da taƙi.
Ya auna ɗakin yadda yake auna riga,
ya bar rara don mai shi zai girma.

Ga takardar neman izini a gabana.
Inda aka ce sunan injiniyan farko
na rubuta: Sallau, tela.
Na san za su dawo da ita.
Rakiba ta ce kada in goge.