Hanta Ta Arba'in da Bakwai

Kafin assalatu nake isa mayankar Garwa,
da bokitin ƙanƙara, da safar hannu,
da littafin da jini ya ɗiga wa bango.
Ɗantani mahauci ya riga ni, yana wasa wuƙa.
"Ga 'yar littafi nan," in ji shi, "a ɓoye hanta."
Ana dariya, amma rabinta ba dariya ba ce,
duk hantar da na ɗauke kuɗin cefanen wani ne.

Ta arba'in da bakwai ta farin bijimi ce daga Lagado.
Lafiyayyar hanta santsi gare ta, ja mai duhu,
wuƙa kan ratsa ta ba gardama.
Wannan kuwa ta yi fari a gefe, ta ƙandare.
Na yanka, wuƙa ta ce ƙaras,
kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a tuwo.
Hanyoyin maɗaci sun yi kauri, sun koma bututu.
Na matsa da babban yatsa,
sai ga su suna sulalowa,
falan-falan kamar ganyen darbejiya,
suna miƙa ba gaggawa,
masu gida ne da baƙo ya tayar daga barci.
Talatin da ɗaya. Sau biyu na ƙirga.

Hammajoda mai bijimin na tsaye, sanda a kafaɗa.
Bai dubi tsutsar ba, ni yake duba.
"Tun kaka haɓarsa ta kumbura," ya ce.
"Na yi masa allura har sau biyu, ta kasuwa."
Na rubuta: sau biyu.
Na ja layi a ƙarƙashi.

A ɗakin gwaji Dakta Jaratu ta yanko tsokar
siririya, ba ta kai ɓawon albasa ba,
ta rina ta, ta tura min madubi.
"Ja hanta ce. Shuɗi tabo ne."
Na leƙa. Shuɗin ya malale ko'ina
kamar Binuwai ta yi ambaliya cikin gonaki.
Ashe tsutsa tun tana ƙarama take huda hanya,
hanta na bin ta a baya tana ɗinki,
faci a kan faci,
har zanen ya ƙare, facin kaɗai ya rage.

Mukan ce wane da wane hanta da jini ne.
Ba wanda ya gaya mana akwai ta uku,
tana kwance tsakaninsu, tana shan ɗaya, tana cin ɗaya.

Allurar ce jabu,
ko tsutsar ce ta gane makamar magani?
Ba mu sani ba tukuna.
Shi ya sa nake ƙirga.

Ranar Talata mun je bakin tafki da rariya.
Katantanwa ce, ba ta kai farcen jariri ba,
ita ke rainon ƙwan da saniya ta kasayar a ruwa,
ta yaye shi, ya manne a jikin ciyawa, ya jira.
Rani ya cinye daji ƙurmus,
nan kaɗai ke da kore,
shanu ɗari sun duƙa a kai.
Da wane baki zan ce wa makiyayi
ciyawar da ta rage masa ita ce tarkon?
Na cika kwalba da katantanwa, na yi shiru.

Da magariba wani yaro ya yi sallama a ƙofarmu
da ƙunshin takarda mai ɗumi, mai ya huda ta.
Gasasshiyar hanta ce, da yaji a gefe.
"In ji Ɗantani,
wai wannan ba ta littafi ba ce."

Sai da na ɓare ta a ƙarƙashin fitila,
na duba hanyoyinta ɗaya bayan ɗaya,
sannan na ci.

Gobe ta arba'in da takwas.