Ina Likitan?

Ƙarfe takwas a asibitinmu na Tudun Wada.
Janareta na tari a bayan ɗaki,
layi ya kai bakin famfo.
Na farko a benci Malam Maikano ne,
mai facin taya a Kawo,
kuncinsa ya tasa kamar ya ɓoye ƙwai a ciki.

Ya shigo ya dubi kujera, ya dubi fitila,
ya dubi awartaki a kan faranti,
ni ya duba a ƙarshe.
"Sista, ina likitan?"

Sunana na nan a ƙirjina, baƙi a kan fari:
Dakta Lantana Sambo.
Shekara shida a jami'a,
tara ina leƙa bakunan mutanen Kaduna.
Na ce, "Baba, ga ta a gabanka."

Ya yi dariya da rabin baki,
ɗaya rabin ciwo ya riƙe.
"Turmi ne fa, 'yata. Turmi!
Saiwarsa uku. Aikin damtse ne."
Ya gyara hula ya fita.

Bayansa Tabawa ta shigo daga Rigasa,
goyo a baya, wani a hannu.
Wata bakwai tana barci a zaune.
Ta je wani wuri, mai farar riga ya ce,
"Ku dai mata da raki,"
ya rubuta mata farasitamol,
bai ko ce ta buɗe baki ba.
A gida aka ce kowace haihuwa da haƙorinta,
sai haƙuri.
Tsakanin haƙori da haƙuri wasali ɗaya ne,
a cikin wasalin nan mata da yawa suka tsufa.

Na ce buɗe. Ta buɗe.
Ƙurji ya ci dasashi ya gangara muƙamuƙi.
Da allura ta kama sai ta fashe da kuka.
Na ce da zafi? Ta girgiza kai.
Wai ta manta yadda shiru yake
a cikin kan mutum.

Ranar Alhamis Malam Maikano ya dawo.
Ya gwada kanumfari, ya gwada gishiri,
wani yaron gareji ya ɗiga masa ruwan batir.
Ido ɗaya ya kusa rufewa.
Bai tambayi kowa ba. Ya zauna.

Turmi ba ya jin damtse, lallashi yake ji.
A girgiza gabas, a girgiza yamma,
a saurari ƙashi, a jira ya saki,
yadda kakata ke tuge rogo bayan ruwan sama
ba ta bar wa ƙasa saiwa ko ɗaya ba.
Minti goma sha biyu.
Ƙwal! a cikin tasa.
Na ƙirga masa: ɗaya, biyu, uku.

Da auduga a baki ya miƙe,
ya kama hannun Yohanna, mai dafa mana kayan aiki,
da hannu biyu yana ta godiya.
Yohanna ya nuna ni da haɓa.
Tsoho ya juyo, ya daɗe yana kallona,
ya nemi abin da ya fi tsada a bakinsa ya ba ni:
"Kai, Hajiya! Kin yi aikin maza."

Na karɓa, me zan ce?
Zuma ce da ƙaya a ciki,
haƙorin dariya dama shi ke cizo.
Na cire safar hannu, na rubuta magani,
na ce a bar goro har kwana uku.

Na leƙa ƙofa. "Na gaba!"
Saurayi ne, da jakar kwamfuta da waya biyu.
Ya yi sallama, ya miƙa wuya ya leƙa bayana,
ya buɗe baki.
Na san ba haƙorin zai nuna mini ba.